Ladubban Ziyarar Makabarta: Darasi Daga Bakin Tafkin Madarunfa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a kewayen tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, akwai makwantan da mutanen garin suka gada da sunan kaburburan waliyyai 99. A shekarar 2006 Nijar ta sa su, tare da tafkin da dajinsa, cikin wuraren tarihin da ta gabatar wa UNESCO. Masu ziyara kan zo daga Nijar da Najeriya, musamman lokacin Maulidi. Sai dai yawan jama'a kan sa ladabi ya yi ƙaranci.

Asalin ziyara sunna ce. Imamu Muslim ya ruwaito daga Buraida (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana ta da farko, daga baya ya yi izini. Shi da kansa yakan fita Baƙi'a cikin dare ya nema wa mutanenta gafara. Manufarta biyu ce: tuna lahira da yi wa mamata addu'a.

Don haka mai ziyara ya gyara niyya tun daga gida. In ya isa, ya yi sallama, ya sassauta murya, ya bar ciniki da ɗaukar hoto. Kada ya taka kabari ko ya zauna kansa, domin hadisin Abu Huraira (RA) ya nuna zama kan garwashi ya fi masa sauƙi. Kada ya yi salla yana fuskantar kabari. Ya sani waliyyi bawa ne da Allah ya girmama, mai bayarwa da hanawa kuwa Allah ne kaɗai. Muridi kuma ya tambayi muƙaddaminsa sharaɗin ɗariƙarsa game da ziyarar waliyyai kafin ya kama hanya.

Akwai wanda zai yi doguwar tafiya zuwa Madarunfa, alhali kabarin mahaifiyarsa ya rufta tun daminar bara bai sani ba. Wannan ya bar haƙƙi a bayansa. Ya fara da nasa, ya cire ciyawa, ya cike ramin da ruwa ya ci, sannan ya tafi.

Allah ya jiƙan magabata, ya kyautata ƙarshe. Amin.