Ki Duba Dutse Kafin Ki Raɗa Masa Suna

'Yata, tun ranar da kika zo gidana nan Gyaɗi-Gyaɗi kika zazzage kayanki a kan darduma, akwai maganar da take ta kai-komo a raina. Kin ɗauko wani zobe mai koren ido kika ce, "Goggo, wannan zumurrudu ne." Na ce yaya aka yi kika sani? Kika ce wanda ya sayar miki ne ya faɗa. Na yi shiru saboda da baƙi a ɗakin.

Na ji daɗi ƙwarai da kika kama sana'ar nan, har matan Tarauni da Daurawa sun fara sanin ƙofarki in lefe ya taso. Gwal kuwa kin iya shi. Kin san mai lamba 18 da mai 21 da mai 22, hannunki ya saba da sikeli. Dutsen da ke zaune a kan gwal ɗin ne ba ki zauna kin karanta ba tukuna, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ki lura, duk macen da ta mayar da sarƙarta kasuwa, abin da mai shago zai fara cewa shi ne sai an cire nauyin duwatsu. Ya san yawancinsu zirkoniya ne, ƙirar masana'anta, wanda ya cika kasuwannin duniya tun wajen 1976. Sayar da shi ba aibi ba ne, yana da kyau a wuyan amarya. Aibin yana wajen kiransa daimon, a karɓi kuɗin daimon.

Ni ma an yi mini, shi ya sa nake jin abin a jikina. A aikin Hajjina na fari na sayi zoben azurfa mai jan ido, mai kantin ya ce yaƙutu ne. Na ɗaure shi a bakin zane kamar raina har muka sauka Kano. Sai na kai wa wani tsoho maƙerin fari a Kurmi ya rage mini faɗinsa. Ya goge shi, ya fito bakin rumfa, ya kara wani ɗan gilashi a idonsa, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Hajiya, duba da kanki." A can cikin jan na ga wasu ƙananan kumfa guda uku, kewayayyu sumul, kamar na cikin kwalbar lemo. Kwalba ce aka rina. Tsohon bai yi mini dariya ba, Allah Ya jiƙansa. Ya zaunar da ni ya nuna mini na gaske kusa da nawa, kuma daga wannan rumfar karatuna ya fara.

Abin da ya fara cire mini daga kai shi ne dogara da launi. Jan yaƙutu da shuɗin da masu haƙa suke kira safaya ma'adini ɗaya ne. Ɗan gurɓin wani sinadari ne yake mai da wannan ja, ƙarfe da titaniyom su mai da wancan shuɗi. Haka zumurrudu da akwamarin, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya kore shar, ɗaya kamar ruwan sama. A gefe guda kuma duwatsu biyu mabambanta sai su zo da launi ɗaya. Babban jan dutsen da ke gaban kambin sarautar Ingila, ƙarnuka aka yi ana kiransa yaƙutu, daga baya aka tabbatar wani dutse ne daban mai suna sifinel. In fada guda ta ruɗu, ina ga ni da ke? Shi ya sa Malam Albiruni, wanda ya rubuta Kitabul Jamahir a kan jauhari kusan shekara dubu da ta wuce, bai tsaya ga ido kaɗai ba. Auna nauyin kowane dutse ya riƙa yi yana gwada shi da ruwan da ya ture, don kowane iri da nauyinsa. Har yau ana amfani da wannan dabara. Zirkoniya, alal misali, ya fi daimon mai girmansa nauyi sosai.

To ga yadda za ki zauna da dutse. Ki nemi ɗan gilashin nan mai ƙara girma sau goma, da matsefata, da farin ƙyalle. Ki wanke dutsen da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, don maiƙon hannu yana ɓoye abubuwa da yawa. Kada ki yi hukunci a ƙarƙashin fitilun kanti, an sa su ne don komai ya yi ƙyalli. Ki bari sai da hantsi, ki zauna a inuwa kusa da taga. Gilashin kuma ba a miƙa shi can nesa. Ki kawo shi dab da idonki, ki haɗa hannuwanki biyu su tokari juna, ki matso da dutsen sannu a hankali har cikinsa ya buɗe. Ranar farko jiri za ki ji, ba ki ga komai ba. Ki jure. Mai haƙuri ai shi aka ce yakan dafa dutse.

In idon ya saba, a nan daɗin yake. Dutsen da Allah Ya halitta a cikin ƙasa yakan zo da shaidar inda ya kwana. A cikin safaya za ki iya ganin wasu siraran allurai sun gitta juna kamar saƙar alharini, ko ki ga shuɗin ya yi layi-layi miƙaƙƙu masu kusurwa. Zumurrudu kuwa da wuya ki same shi tas. Cikinsa kamar lambu yake, da 'yan tsage-tsage da ɗigo-ɗigo, har Faransawa suna kiran wannan da kalmarsu ta lambu. Saboda haka in aka kawo miki kore shar, babba, garau babu ko tabo, kuma da araha, to gabanki ya faɗi. Yaƙutun da ake narkawa a wuta, wanda wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar yinsa a 1902, shi layukansa lanƙwasassu ne kamar bakan gizo. Ki duba bakin yankan ma: na dutse mai tauri kaifi gare shi, na kwalba yakan dakushe ya yi 'yan ɓantare. Ki kara shi a kumatu, na gaske yakan fi kwalba da roba sanyi, ko da yake wannan alama ce kawai. Lu'ulu'un teku kuma, ba daimon da mu Hausawa mukan ara wa sunan ba, in kika goga shi a hankali a haƙori za ki ji ɗan kaushi-kaushi kamar yashi. Na roba santsi ne zalla.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki karce kayan mutane da sunan gwaji. Ki dai san taurin a ka. Wani Bajamushe, Mohs, ya jera shi a 1812: daimon 10, yaƙutu da safaya 9, tofaz 8, aƙiƙ wajen 7, kwalba ba ta kai 6 ba. Murjani da lu'ulu'u kuwa ba su wuce 4 ba, don asalinsu halittun ruwa ne. Amfanin wannan a garinmu babba ne. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai taurin 7, in kika goge murjani a bushe da bakin mayafi kina kankare shi ne. Ki gaya wa amarenki su gama da humra da turare tukuna, jiki ya sha, sannan su sa lu'ulu'u, don turare yana kashe masa haske.

Kada kuma ki ɗauka sai Dubai ake samun abin kirki. A tsaunin Mambila a Taraba ana haƙo safayar da ake nema har ƙasashen waje. Akwai zumurrudu da akwamarin a wajen Nasarawa Eggon, tofaz a filayen kuza na Jos, tomalin a Oyo. Yawanci ɗanye yake fita, a yanke shi a Bankok ko Jaifur ta Indiya, ya dawo da tsadar da ba ta taɓa shiga aljihun mai haƙa ba. Wannan yana ci mini rai, kuma ina fata a cikinku a samu masu koyon yanka. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, kakanninmu sun san tsakiya da murjani, fatakenmu ne suke kai jan dutsen da ake fafe lantana da shi a Ilori.

Akwai inda idonki zai tsaya, komai ƙwarewarki. Yawancin safayar kasuwa an gasa ta da wuta don launi ya fito, zumurrudu ana shayar da shi mai don tsagarsa ta ɓuya, yanzu har daimon ake ƙerawa wanda sai na'urar ɗakin gwaji take bambance shi. Ɗan alƙalamin gwajin da masu shago suke dangwalawa ma, wani dutse mai suna moisanait yana ruɗa shi. In kuɗin ya yi nauyi, ki nemi takardar shaida daga ɗakin gwaji sananne irin GIA, kuma ki tabbata awon da ke takardar ya dace da dutsen da ke hannunki. Karat ɗin dutse nauyi ne, biyar ke yin giram ɗaya. Kada ki haɗa shi da lambar gwal. In babu takarda, cinikin biri a sama ne, ki faɗa wa mai saye iyakar abin da idonki ya gani. Matar da kika sayar wa ba za ta je neman wani ɗan kasuwa a Dubai ba. Ƙofarki ta sani, kuma za ku haɗu a gidan suna.

Ki zo ranar Asabar da hantsi, kafin Titin Zariya ya cushe. Ki taho da koren zoben nan. Jan nawa na Makka yana nan a cikin adaka, ban taɓa rabuwa da shi ba. Za mu ajiye su kusa da juna a bakin taga, ke za ki fara riƙe gilashin.