Zumunci Da Bikin Salla A Lokacin Annoba: Darasi Daga Amwas

 Darasin wannan mako ya shafi dattawa ne musamman, watau waɗanda suka ajiye aiki suka koma gida, da kuma 'ya'ya da jikokin da ke taruwa a kansu ranar Salla. Tambayar ita ce, in annoba ta sauka a gari har taron dangi ya zama abin tsoro, yaya za a yi da zumunci?

Ba tambayar ƙage ba ce. A ƙarshen watan Fabrairu na 2020 cutar korona ta ɓulla a Legas, kafin tsakiyar Afrilu ta iso Kano, aka rufe gari ana daf da kama azumi. A cikin makwannin nan aka yi ta rashin dattawa, malamai da attajirai da tsofaffin ma'aikata, har masu haƙar kabari suka ga abin da ba su saba gani ba. Tafsirin azumi ya koma rediyo da talabijin, aka soke hawan Salla, kuma a shekarar babu alhajin da ya tashi daga Nijeriya, domin Sa'udiyya ta taƙaita aikin Hajji ga 'yan kaɗan daga mazauna ƙasarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye matsayin gaggawa a kan cutar ba sai a watan Mayu na 2023. Abin ya wuce, amma annoba baƙuwa ce mai komowa, kuma gara a yi karatunta tun tana nesa.

Wanda bai taɓa zama da ɗan fansho ba, ba zai gane nauyin da ranar Salla ta ke da shi a wurinsa ba. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana fita aiki, yana da ofis da masinja da masu gaisuwa, rana ɗaya duk abin ya yanke. Abin da ya rage masa shi ne sahun masallaci, da majalisar ƙofar gida, da suna da ɗaurin aure, sa'an nan ranar da zaure zai cika da takalma, a kawo tuwon Salla, jikoki su jeru suna jiran barka da Salla. To, annobar nan waɗannan abubuwan ta rufe, kuma shi ne ta fi nema, domin likitoci sun tabbatar ta fi tsanani ga masu shekaru da masu ciwon sukari ko hawan jini. Jikan da ya zo da gudu ya faɗa jikinsa yana iya ɗauko cutar ba tare da ko tari ba. Shi ya sa dattawa da yawa suka ɗauki hanin a matsayin wulaƙanci, wasu ma suka ce raunin imani ne.

Amsar wannan tana cikin tarihin sahabbai. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar ɗa'una ta ɓarke a ƙasar Sham, aka sa mata sunan Amwas, wani ƙauye na Falasɗinu. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyarsa ta zuwa can, sai shugabannin runduna suka tarye shi a wani wuri mai suna Sargu suka ba shi labari. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansaru, suka rabu biyu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kuwa bakinsu ya zo ɗaya a kan a koma. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa, ya kuma hana wanda ke cikinta fita don gudu. Umar ya gode wa Allah, ya juya Madina.

Mai karatu ya lura da abin da aka bari a ranar. Tsakanin Halifa da 'yan'uwansa na Sham akwai ƙauna da kewa wadda ta fi ta kaka da jika, ga shi ya sha tafiyar kwanaki, amma ya koma bai shiga ba. Babu malamin da ya ce Umar ya yanke zumunci.

Sauran labarin ya fi wannan taɓa zuciya. Abu Ubaida ya rasu a cikin annobar. Mu'azu ɗan Jabal ya gaje shi, shi ma ya rasu, bayan ya binne ɗansa. Yazidu ɗan Abu Sufyan da Shurahbilu ɗan Hasana duk suka tafi. Da al'amari ya koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya dubi cutar ya ga halinta irin na wuta ne, mutane kuwa su ne itacenta, ya umarci jama'a su watse cikin duwatsu. Malaman tarihi, irin su Ɗabari, sun ruwaito cewa bayan watsewar nan Allah Ya ɗauke annobar, kuma da labari ya kai wa Umar bai ƙi abin ba. Ba garinsu suka bari suka kai cutar wata ƙasa ba. Cunkoso suka bari suka fita sarari. Likitocin wannan zamani sun zo da bayanin da ya yi daidai da haka game da korona, cewa tana bin numfashi ne, ta taru a ɗaki rufaffe, a fili kuwa iska ta tarwatsa ta.

Daga nan hukuncin Salla ya fito sarari. Sada zumunci wajibi ne, amma taruwa a zaure ɗaya hanya ce daga hanyoyinsa, ba shi ne zumuncin ba. Fuƙaha'u sun ce ana sada shi da gaisuwa, da aike, da kyauta, da tambayar lafiya, gwargwadon al'adar mutane da halin da a ke ciki. Ɗan da ya aiko wa mahaifinsa da ragon layya da kuɗin magani, ya kira shi a waya ya miƙa wa yara ɗaya bayan ɗaya suka gaishe shi, ya sauke nauyi. Wanda ya kwaso iyali daga garin da cuta ta yi ƙamari ya zube su a ɗakin tsohuwa don gudun kada a ce bai zo ba, wannan bakin mutane ya ji tsoro. Ita kanta sallar Idi sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Maliku, kuma wanda ta kuɓuce masa an so ya sallace ta, raka'a biyu, kabbara bakwai a ta farko har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, ba tare da huɗuba ba. An ruwaito cewa Anas ɗan Maliku, yana zaune a wajen Basra, ya kan tara iyalinsa su yi ta a gida in bai samu ta liman ba. Juma'a ma, wadda ta ke farilla, Ibnu Abbas ya taɓa sa ladaninsa ya ce wa mutane su yi salla a gidajensu saboda ruwan sama da taɓo. In taɓo ya zama uzuri, ina ga cuta mai kisa?

Sai dai akwai wata cutar da 'ya'ya masu kirki suka jawo wa iyayensu ba da saninsu ba. Don tsoro, sun kulle tsoho a ɗaki wata da watanni, daga gado sai buzu, sai rediyo mai ƙirga matattu. Gwiwa ta sandare, sukari ya hau, barci ya ƙaurace, zuciya ta ƙuntata. Wannan ba shi ne abin da Amru ya yi ba. Shi fitar da mutane ya yi.

Saboda haka dattijon da ya ajiye aiki, in hukuma ba ta hana fita ba, babu abin da ya fi masa kamar ya ɗauki sandarsa bayan sallar Asuba ya nufi bayan gari. Tafiya da ƙafa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah ya kan ziyarci masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya hau dutsen Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Mutumin Kano yana da Dala da Gwauron Dutse, na Zariya yana da Kufena, wanda kuwa gwiwarsa ba ta hawa, hanyar gona ta ishe shi. Ƙaramar Sallar 2020 ta faɗo ne a ƙarshen Mayu, lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka. Babbar kuwa a ƙarshen Yuli, gero ya tasa, ƙasa ta yi kore shar. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin fayil da fayil zai tarar akwai itatuwan da ya manta sunansu, ga ɗorawa, ga kanya, ga gawo mai zubar da ganye da damina sa'ad da kowa ke tohowa. Zikirin safiya ma ya fi daɗin yi a nan.

A wannan fili ne kuma za a iya mai da abin da aka rasa na Salla. Maimakon mutum talatin a ɗaki ɗaya, sai ɗa guda ya zo da yaransa biyu su yi wa kaka rakiya, a ba da tazara, a bar musafaha, domin sallama da baki ita ce asali. Gobe wani gidan ya karɓa. A hanya yaro zai ji gonar wa ce wannan, wa ya haƙa rijiyar can, yaya kakan kakansa ya zo garin, abin da hayaniyar zaure ba ta taɓa barin a faɗa masa ba.

Tafiyar tana da ladubbanta. Kada a taka shukar mutane, kada a tsinki abin da ba a ba da izini ba, kada a ɓata inuwar da jama'a ke hutawa, domin an yi hani mai tsanani a kan haka. Mai ciwon zuciya ko sukari ya nemi shawarar likitansa tukuna, ya riƙe ruwa, ya komo kafin rana ta yi zafi. Dajin da aka san ɓarayi da masu satar mutane sun kama, ba wurin shan iska ba ne, kuma shigarsa jefa kai ne cikin halaka daidai da shiga garin annoba. A tsaya inda a ke jin kiran sallar gari, a kuma gaya wa mutanen gida hanyar da aka bi da lokacin da za a komo.