Lissafin Kayan Ginin Akurkin Kaji: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa a ƙasar Kibiya da Rano akan ga mutum ya tayar da akurki a bayan gida, gini ya kai gwiwa, sa'an nan ya tsaya don kuɗin waya sun gaza. Damina ta zo ta rushe abin da aka gina, kaji kuwa su ci gaba da kwana a gindin rumbu, inda muzuru ke ɗauke su ɗaya ɗaya. Maganin wannan shi ne a yi lissafi tun ba a kwaɓa ƙasa ba, kuma malamin hakimi shi ya fi dacewa ya koya wa dagatai da masu unguwanni yadda ake yinsa.

A fara da ƙidayar kaji, domin yawansu shi ke yanka girman ɗaki. Kaji 10 na gida ɗaki mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 5 ya ishe su kwana. Ba banza aka zaɓi wannan awo ba. Magina sun san azara ba ta ɗaukar nauyi sosai in ta wuce wajen ƙafa 6 ba tokara, saboda haka azara guda za ta haye ɗakin ba sai an haɗa biyu ba. Azarar giginya ta fi katako tsada, amma gara ba ta cika cinta ba, wanda kuwa ya sayi katako mai arha zai sake saye.

Bangon gabas da na yamma a rufe su da ƙasa har sama, gama daga gabas hadari ke tasowa. Kudu da arewa a gina ƙafa 3, a cika sauran ƙafa 3 da waya mai ƙananan ido. Watau yadi 4 na waya mai faɗin yadi guda, a ƙara yadi 2 domin ƙofa da abin da za a lanƙwasa. Lalle a rubuta zana guda cikin lissafi, ta rufe gefen arewa da hunturu, lokacin da ciwon kaji ya fi yin ɓarna. Allurar rigakafi irin wadda ake yi a Vom ita ma a ware mata kuɗinta.

Dutsen harsashi ba ya wuya a wannan ƙasa. Kara da ciyawar jinka a tanade su da kaka, ɓuntun shinkafa na shimfiɗa kuma ana samunsa wajen masu casa. Sai sandar hawa ƙafa 8, da kwandon ƙwai biyu ko uku.

Malami ya raba takarda gida biyu, abin da ke gida da abin da sai an saya, ya tambayo farashi a kasuwa a makon nan, kada ya dogara da na bara. In kuɗin waya da ƙusa da azara ba su cika a hannu ba, mai gida ya dakata da gini har ya sayar da amfanin gona.