Alkawarin Aikin Koyarwa Idan An Janye Shi: Mene Ne Hukunci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan watan Oktoba ya gabato muna jin ƙara iri ɗaya: mai makaranta ya ce wa malami ya shirya, an ɗauke shi aiki, malamin ya bar inda yake, ya ɗauko iyalinsa daga ƙauye, ya kama hayar gida, sai ranar buɗe makaranta a ce masa an ba wani.

Abu na farko shi ne a rarrabe tsakanin ƙulla yarjejeniya da yin alkawari. Idan an ambaci aiki, an yanke albashi, an sa lokaci, kowa ya amsa, to ijara ta ƙullu, ko da baki ne. Ijara a mazhabar Imamu Malik lazimi ce, ɓangare ɗaya ba ya warware ta don son ransa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika irin wannan.

Idan kuwa alkawari ne kawai, malamai sun saɓa. Mafi yawansu suna ganin cikawa abin so ne, amma alƙali ba ya tilastawa. Malikiyya suka faɗaɗa bayani. Mashahurin zance, wanda aka jingina wa Ibnul Ƙasim da Sahnun, shi ne: idan an rataya alkawari ga wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya shiga cikin dalilin nan, to cikawa ta wajaba har a gaban alƙali. Asbagu ma bai sharɗanta shigar ba. Al-Haɗɗab ya tattara waɗannan a cikin Tahrirul Kalam, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ɗauki ra'ayin Malikiyya a zamanta na Kuwait a 1988: a cika, ko a biya asarar da aka jawo. A ganina malamin da ya ajiye tsohon aikinsa saboda maganar mai makaranta ya shiga dalili ba tare da shakka ba. Wanda bai motsa daga gidansa ba, hujjarsa a gaban alƙali tana da rauni, ko da yake saɓa alkawari ba da uzuri ba yana daga alamomin munafunci da hadisi ya lissafa.

To, ina zai bi? Ya fara da sulhu, a gaban limami ko dattawan unguwa, ya nemi ɗaya daga biyu: aikin, ko kuɗin mota da haya da albashin da ya rasa. Idan sulhu ya ƙi, makarantar masu zaman kansu tana ƙarƙashin dokar aiki ta Nijar ta 2012. Ya kai kuka wurin sufeton ayyuka don a sasanta, in ba a daidaita ba a wuce kotun ma'aikata. Wanda gwamnati ta yi wa alkawari hanyarsa daban ce: ya rubuta wa hukumar da ta ɗauke shi, sa'an nan kotun da ke duba ƙararraki a kan hukuma.

Duk wannan bai yiwuwa sai da shaida. Takardar ɗauka, saƙon waya, rasidin haya, takardar barin tsohon aiki, da mutum biyu da suka ji maganar, kada ya yar da ko ɗaya. Mutanenmu suna jin kunyar cewa babba ya rubuta, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma kada ya yi jinkiri, domin ƙarar albashi tana da wa'adi a doka.

Wallahu a'alamu.