Idan Za Ku Kai Ɗalibai Bakin Teku

Malamin da zai kwashi yaran Kano ko Zariya zuwa Legas ziyarar ilimi, don Allah kada tafiyar ta ƙare a ɗaukar hoto. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Tiga ba yana da abin koyo mai yawa a bakin teku.

Kafin ku fita, ku tambayi masunta lokacin janyewar ruwa. Teku na cikowa ta janye sau biyu a kwana guda, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Sai ruwa ya ja baya ake ganin ramukan ƙaguwa birjik a yashi, kowanne da ɗan tarin ƙasa a bakinsa. Ku kafa sanda inda ruwa ya tsaya, bayan awa guda yaran su dawo su auna tazarar da kansu.

A zuba ruwan teku kaɗan a baƙin faranti, a ajiye a rana. Lita guda na ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma farin da zai rage a farantin ya fi dogon bayani shiga kai.

Duk halittar da aka ɗaga, a mayar da ita inda take.

Batun tsaro kuwa babu sassauci. Igiyar ruwan Legas na fizgar ko gwanin iyo, saboda haka kada ruwa ya wuce wa yaro idon sawu. Kowane malami ya riƙe yara kaɗan da ya san sunayensu, ya ƙirga su kafin mota ta tashi.