Kafin ku ba da aikin sitika: shawara ga masu sana'a a Falanko

Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, cuku, dakakken yaji: a kasuwar ƙauye ba su buƙatar wata takarda, don mai saye ya san mai sayarwa har ƙofar gida. Amma da zarar kaya sun bar Damargu sun hau motar Damagaram ko ta Agadas, babu mai yin magana a madadinku sai ƴar takardar nan da ake mannawa, wadda a Nijar ake kira etiketi, a Kano kuma sitika. Galibi aikin buga ta sai an kai shi Damagaram, wasu har Maraɗi ko Kano. Saboda wannan nisa, kuskure ɗaya kan jawo kuɗin mota sau biyu.

Ku fara da mazubi, ba da hoton cikin salula ba. Kwalba ce, ko jarka, ko leda? Ku yanki farar takarda, ku naɗa a jiki, ku auna da santimita, sannan ku ba maɗaba'a wannan awo. Girman yana da alaƙa da kuɗi fiye da yadda ake zato. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7. Sitika mai santimita 10 da 7 tana fita guda 8 a jikinta. Ku ƙara santimita ɗaya kacal a kowane gefe, sai ta koma 4, ko 5 in mai yankan gwani ne.

Sai irin takardar, kuma nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Ta takarda zalla ta fi araha, ta kuma wadatar ga busassun kaya irin garin gero ko wake. Ga mai ko duk abin da zai shiga ƙanƙara kuwa, asara ce: ɗigo ɗaya ya taɓa ta, sai ta yi dabbare-dabbare, rubutu ya narke. Waɗannan sai ta roba, ko wadda aka yi wa rufin leda. Kada ku manta da ranar Damargu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, gam mai rauni ya saki, launi ya koɗe, musamman ja. Don haka ku nemi samfuri kafin komai. Ku manna shi, ku shafa masa mai, ku tsoma a ruwa, ku bar shi a rana kwana biyu ko uku. Mai maɗaba'ar da ya ƙi ba da samfuri, ku nemi wani.

Me za a rubuta? Sunan sana'a, abin da ke ciki, nauyi ko yawan lita, sunan gari, da lambar waya mai 227 a gaba, don kaya kan tsallaka iyaka ba da saninku ba. Farashi kuwa kada ya hau, don kuɗin gyaɗa a kaka daban, a bazara daban. Ranar yi da ranar lalacewa ma a bar musu fili, a riƙa cikewa da alƙalamin da ba ya gogewa. Sau da yawa nakan ga sitika cike da hoton furanni, da addu'a, da lambobin waya huɗu, har sunan kayan ya ɓace. Abin da ba a iya karantawa daga taku uku bai yi aiki ba. Ayar Alƙur'ani kuwa a bar ta a allo, tunda ƙarshen leda juji ne.

Tun shekarar 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, don haka ku sa ta a sama, Faransanci a ƙasa saboda kantunan Yamai. Sai dai ku duba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ da idonku, don wasu haruffan kwamfuta ba su da su, sai su fito akwati ko su zube. Idan ta WhatsApp za a tura zane, a tura shi a matsayin fayil na PDF. Hoto na yau da kullum manhajar matse shi take yi, ya fito dishi-dishi. Launin da ke walƙiya a fuskar salula ma yakan ɗan dushe a takarda.

Akwai abin da bai kamata a kusanta ba: ɗora lambar hukumar NAFDAC ta Nijeriya, ko tambarin hukumar ANMC ta Nijar, alhali ba a ba ku ba, ko kwaikwayon tambarin wani kamfani. Wannan kan jawo ƙwace kaya. Wanda sana'arsa ta yi ƙarfi yana iya rajistar sunansa a ƙungiyar OAPI, wadda Nijar ke cikinta, mai hedikwata a Yawunde.

Wajen biya, ku ba da rabi, ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana in ba ku je da kanku ba, ku adana rasit; sauran sai kaya sun iso an ƙirga. A yi magana tun farko: yankan na cikin kuɗin? Wa zai biya direba? In da naira za a biya a Kano, a tsayar da canji a ranar ciniki. Za a ce muku buga dubu ya fi ɗari araha a kan kowace sitika, kuma gaskiya ne, amma karon farko ku tsaya a 100 ko 200. Ku karɓi fayil ɗin zanenku ku ajiye, sannan ku ɓoye sitikar a leda, a inuwa, don ƙurar hunturu ba ta barin gam da rai.