Dalilin da ke sa tambari ya yi fari a jikin samfurin jirgin yaƙi, da maganinsa

Samfurin jirgin yaƙi ƙaramin kwafi ne na jirgin gaske da ake haɗawa daga gutsattsarin roba, kuma ana ƙera shi bisa ma'auni ƙayyadadde: 1/72 na nufin an rage kowane tsawo sau 72, ta yadda jirgin F-16 mai tsawon kimanin mita 15 zai dawo santimita 21, ko kuwa 31 a ma'aunin 1/48. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya da Hasegawa na Japan kan haɗa kowane kwali da takardar tamburan jirgin, wato tuta da lambobi da ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi, waɗanda aka buga a kan wata siririyar fata mai kama da leda da ke rabuwa da takardar idan an jiƙa ta. A wajen liƙa su ne aikin makonni ya fi lalacewa, domin bayan bushewa sai a ga gefen tambarin ya yi fari-fari kamar azurfa.

Asalin matsalar yana ga fentin da ke ƙarƙashi, ko da yake masu koyo sun fi ɗora laifin a kan tambarin. Yawancin jiragen yaƙi na zamani fenti marar sheƙi gare su, galibi ruwan toka, irin wanda ke jikin jiragen JF-17 da rundunar sojin saman Najeriya ta karɓa a 2021, kuma abin da ke hana irin wannan fenti ƙyalli shi ne kaushin da ido ba ya gani. Idan fatar tambari ta kwanta a kan wannan kaushi, iska kan maƙale a ƙananan ramukan, haske ya dawo daga gare ta, shi ne farin da ake gani, wanda ya fi muni a kan launi mai duhu.

Maganin yana farawa tun kafin a taɓa takardar tamburan. Bayan fenti ya bushe sarai, wanda ga fenti mai narkewa a ruwa kwana guda kan isa, ga na mai kuwa gara a ƙara haƙuri, sai a fesa ruwan sheƙi marar launi a jikin jirgin har ya yi sumul. Daga nan a yanke kowane tambari dab da gefen zanensa don rage fatar da ba ta da amfani, a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye shi har ya fara zamewa da kansa, sannan a tura shi wurinsa da jiƙaƙƙen buroshi, a mirgina auduga daga tsakiya zuwa gefe domin ruwa da iska su fita. Akwai ruwan tausasa tambari, kamar Micro Sol, wanda ke sa fatar ta lafe cikin layukan jikin jirgin. Tambarin kan yamutse bayan an shafa shi, kuma wanda ya kai hannu a lokacin zai yaga shi, alhali da an ƙyale shi zai miƙe da kansa. A lokacin hunturu ƙurar hazo kan zauna a kan ruwan sheƙin kafin ya bushe, ta dawo da kaushin da ake gudu, saboda haka kifa kwali mai tsabta a kan jirgin wajibi ne.

Idan farin ya riga ya bayyana, ana huda wurin da tsinin sabuwar allura a ɗiga ruwan tausasawa, a maimaita har ya ɓace. Sai an tabbatar da haka ake fesa rufin ƙarshe marar sheƙi, bayan an rufe gilashin matuƙi da tef, domin duk iskar da wannan rufi ya danne ba ta da sauran hanyar fita.